Akwatin Rumfar Banda

A Lagdo nake zaune, bakin ruwa,
mai banda ce ni, hayaƙi ya san idona.
Ƙungiyar masunta ta aiko da akwati guda,
rawaya, da ɗan hannu a gefe na murzawa,
ba ya cin batir, ƙarfin damtse yake ci.
Sarkin Ruwa Makau ya juya shi sau biyu,
ya ce, "Gwiwata ta fi shi sanin hadari.
Ku kai wa Kande, ita ce ba ta barin gari."
Na rataye shi a ƙusa, bisa kwandon gishiri.

Da Faransanci yake buɗe baki,
sai Fulatanci, Hausa ce auta.
Kafin ya iso harshena iska ta ci rabin hanya,
don haka na roƙi Dija kalma ɗaya.
"Hendu," ta ce. "In kin ji shi a jere, ajiye wuƙa."

Akwai tsohon ƙarfen ƙafar mota
da muka ɗaure a reshen tsamiya.
Sau uku na doke shi a damina ɗaya,
sau uku jirage suka juyo da taru ba kifi,
sama ta yi gunaguni, ta bi ta Garwa.
Yara suka raɗa mini Kande Hadarin Kaka.
Jatau ya ce in biya shi kamun yini uku,
yana dariya, amma ba duka ce dariya ba.

Na huɗun Laraba ce, bayan azahar,
sama fes, kamar an wanke ta da toka.
Akwati ya ce hendu, hendu, hendu.
Na tsaya da rodi a hannu, kunya na riƙe da ni.
Sai na tuna Tanimu yana bayan tsibiri
cikin kwalekwalen aro mai yoyo a gindi.
Na buga.
Na buga har tafina ya tsage.

Kafin la'asar gabas ta zama gindin tukunya.
Iska ta yaye kwanon rumfata kamar faifai,
bandar mako biyu ta kwanta a laka,
ragon ruwa da tarwaɗa, kuɗin makarantar yara.
Mu tara muka cusu a ɗakin Dija,
ƙanana a ƙarƙashin gado,
akwati a bayana, na goya shi da zane.
Dija na salati, Marta na kiran Yesu,
igiya ɗaya muke ja, kada rufi ya tafi.
Da aka buga ƙofa na ɗauka iska ce.
Tanimu ne, jiƙe sharkaf, ba takalmi, ba taru.

Da asuba muka ƙirga a gaɓa.
Sha bakwai suka fita. Sha shida muka samu.
Na Jatau ya iso da hantsi,
a kife, shi kaɗai, igiyar ruwa na turo shi.
"Ya ji ƙarfen," in ji Tanimu, kai a ƙasa,
"ya ɗaga mini filafili, ya ce in gaida Hadarin Kaka."

Na murza akwati ko zai ce wani abu.
Farashin auduga yake karantawa.

Makau ya zo da maraice, bai yi dogon zance ba,
ya ajiye goro biyu a bakin tabarma,
ya ce, "Ƙarfe nawa yake faɗin na gobe?"

Yanzu Larai ce ke murza hannun,
matar Jatau, tun da ta fita takaba.
Takan zo bayan azahar, ta zauna kusa da gishiri,
ba ta jin Faransanci, ba ta jin Fulatanci,
kalma ɗaya take jira.
In ta ji, ba ta ce mini komai,
takan riga ni isa gindin tsamiya.